Ranar da Na Wuce Ƙofar Surukina a Guje

Na san yadda kuke ba da labarin nan in ba na kusa. Nafi'u ne gwanin kwaikwayo: ya turo ciki gaba, ya hangame baki kamar rago a rana, ya ratsa tsakar gida yana ɗaga hannu, jikoki su yi ta birgima don dariya. Ban hana ku ba, ni ma da na ga hoton da aka ɗauke ni sai da na dara. Amma a wajen gidan nan ba da dariya ake ba da shi ba. Har yau akwai masu cewa Iro na Kutama, da furfurarsa, ya wuce surukinsa a guje da takalmi a ƙafa, ko durƙusawa bai yi ba. Gaskiya ne, na yi, kuma da za a dawo da ranar haka zan sake yi. Abin da ya rufe mini baki shekarun nan alkawari ne da na ɗaukar wa kakanku, Baffa Manu, mahaifin uwarku, cewa ba zan faɗa ba yana raye. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, Allah ya jiƙansa, sai ku ji yadda aka yi daga bakin mai ita.

Mu jikokin makiyaya ne. Fulatanci ya ɓace a bakinmu tun zamanin kakana, shanu suka ragu, muka kama fartanya, amma kunya ba ta bi su ba. Da ita aka yaye mu. Magidanci ba ya ci a kasuwa, ba ya gudu sai in wuta ce ko ɓarayi, ba ya nuna ya damu da matarsa, ɗan fari kuwa ko sunansa ba ya faɗa. Suruki fa? Tun daga nesa kake tuɓe takalmi ka riƙe a hannu, ka durƙusa, idonka a ƙasa. Ni a cikin samarin zamanina ba wanda ya kai ni iya wannan, har misali ake yi da ni.

Kun san uwarku ta yi haihuwar fari ba rai. Abin da ba ku sani ba shi ne inda nake a ranar. Ta tafi goyon ciki gidansu, can ƙauyensu na gefen Dugabau, aka aiko mini cewa ta kwana biyu tana naƙuda. Na isa da hantsi na tsaya daga waje. Baffa na zaune a kan buzu a gindin ceɗiyar ƙofar gida yana tufkar igiya. Uwarku ita ce 'yarsa ta fari, don haka shi ma ba shi da bakin tambaya. Muna nan sai tsohuwar da ke karɓar haihuwa ta leƙo zaure.

"A nemo mota," in ji ta. "Abin ya fi ƙarfinmu."

Baffa bai ɗaga kai ba. Ni kuwa na miƙe, takalmina a hannu, na saɓa sanda a kafaɗa, na kama hanyar bakin titi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zuwa duba gona. Kaka ce, an sare kara, fili fetal, hanyar kuma miƙaƙƙiya. Ina jin idonsa a bayana. Zuciyata tana cewa ruga, ƙafata tana cewa surukinka na kallo. Sai da na sha kwanar wata kuka, na tabbata ya daina hango ni, sannan na zura a guje. Da na isa bakin titi, mai shayin wurin ya nuna mini ƙurar akori-kura tana ɓacewa.

"Yanzun nan ya tashi. Da ka ɗan ɗaga ƙafa da ka same shi."

Wata motar ba ta zo ba sai azahar. Kafin a kai uwarku asibiti yaron ya koma, namiji ne, ita ma da ƙyar aka samo kanta. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ban taɓa jayayya da ƙaddara ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya zarge ni. Yabo ma aka yi. Aka ce Iro akwai dattako, matarsa na bakin mutuwa amma ko gezau. Shekara talatin da 'yan kai ina ɗauke da wannan yabon, kuma duk lokacin da na ji an ce sannu ba ta hana zuwa sai in yi shiru, don ni na san abin da ta hana.

To, shekarar da nake ba ku labari na haura hamsin da biyar, tumbi ya fito, gwiwa ta fara ƙara in na tashi daga sujada. Zulai, babbarku, tana aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kabo. Ita da abokan aikinta da wasu samari suka shirya tseren taimako, kilomita goma, kowane mai gudu ya samo wanda zai ba da sadaka a kansa, a haɗa a sayi adaidaita sahu a sa masa katifa, ya riƙa ɗauko masu naƙuda daga ƙauyuka. Ta zo gida ranar wata Juma'a da damina, ina cin tuwo a zaure, ta durƙusa ta yi mini bayani. Rago take so in bayar.

Na ce, "Rago kin samu. Sannan ki rubuta sunana."

"A cikin masu bayarwa, Baba?"

"A cikin masu gudu."

Ta dube ni, ta dubi tumbina, ta rufe baki da mayafi. Uwarku na bakin murhu, ta ji komai, amma muciyarta ba ta tsaya ba. Nafi'u ne ya ce in dai Baba ya kai ƙarshe shi zai yi wata guda yana kwashe kashin shanu. Ku tambaye shi ko ya kwashe.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka washegari na je kasuwar Gwarzo na sayi kambas na gwanjo, na ce wa mai sayarwa na ɗana ne, ƙafarmu ɗaya. Kashegarin sayen, bayan sallar asuba, na ɗaura su, na tsuke tazuge, na bi ta bayan masallaci na kama gudu. Kuskuren da na yi, na manta ni wane ne kuma a ina nake. A garinmu in aka ga dattijo yana gudu ba a tambaya. Ga shi lokacin ana ta jita-jitar ɓarayin shanu daga yamma. Ladan ne ya fara hango ni, ya yar da buta ya biyo ni. Mai kosai ta bar kasko a wuta. Kafin in kai bakin rafi na waiga na ga mutum ya fi ashirin a bayana, wani da gora, wani da lauje, mata na kwashe yara suna rufe ƙofofi. Numfashina ya ƙare, na dafa wata ɗorawa ina haki, suka kewaye ni.

"Malam Iro, ta ina suka shigo?"

Ba ni da iskar da zan amsa. Sai da na daɗe sannan na ce, "Motsa jini nake."

Mai unguwa ya kira ni da hantsi. Mutum ne mai sauƙin kai, sa'ana ne ma, amma ranar bai yi dariya ba. Ya ce shi bai hana ni abin da na yi niyya ba, amma in ji tsoron Allah in daina tayar wa gari hankali, wata tsohuwa har ta gurɗe ƙafa.

A nan jinin kiwo ya yi mini rana. Na zauna na yi tunani: wane gudu ne dattijo zai yi a gaban kowa ba a ce ya zautu ba? Guda ɗaya ne, bin dabbar da ta kuɓuce. Ina da wani jan maraƙi mai taurin kai. Kullum da sassafe sai in kwance shi, in kora shi burtali, in ɗan taɓa shi da sanda, ya kama sassarfa ina biye. Duk wanda muka gamu da shi sai ya ce, "Sannu Malam, ya sake tsinkewa?" In ce, "Wallahi kuwa." Da farko daga wannan gawo zuwa wancan nake iyawa, sai gefen cikina ya soke kamar an caka mini tsinke, in koma tafiya. Zulai ta ce hakan daidai ne, in yi gudu bishiya ɗaya, in yi tafiya bishiya ɗaya, kuma in daina fizga kamar wanda kare ya biyo, in yi gudun da zan iya magana a cikinsa. Sai na riƙa yin tasbihi da ƙarfi don in gwada numfashina. Ƙafa ta yi bororo, farcen babban yatsa ya yi baƙi ya fita, dare ya yi uwarku ta gasa mini gwiwa da ruwan zafi ta shafa man shanu. Sati uku ina tsine wa ranar da na buɗe baki. A na huɗu na wayi gari na wuce gawo biyar ban sani ba.

Kafin dawa ta fitar da kai na daina tsayawa. Tazuge ya ƙara tsawo, barci ya yi daɗi, tuwo ya yi daɗi. Maraƙin ma ya gane aikin, da ya ji motsina sai ya miƙe ya nufi burtali da kansa. Gari kuma ya gano dabarar tun tuni, suna dai yi mini kara ne. Wata safiya uwarku ta dube mu mun dawo, ni da shi duk mun jiƙe, ta ce, "Malam, tsakanin kai da maraƙin nan wa ke kiwon wani?" Ban ɓoye muku ba, na ji daɗin jikina a watannin nan fiye da yadda na ji shi ina saurayi, kuma na san zan kai ƙarshe. Kilomita goma ba ta ƙara ba ni tsoro ba.

Saura sati guda Zulai ta zo da takardar hanya. Za a tashi daga Kabo, a bi hanyar burji ta cikin ƙauyukan gefen Dugabau, a zagayo. Tana murna take gaya mini ta sa wurin shan ruwa a gindin ceɗiyar kakanta, don a cewarta tsohon mijin nata ya ga yadda samari suke, ko ya sake ta ta huta. Wasan jika da kaka take yi, ba ta san abin da ta taɓa ba. Hanyar nan dai ita ce, ceɗiyar nan ita ce, Baffa kuma ya haura tamanin amma kullum yana wurin a kan buzunsa. Na san abin da ake jira daga gare ni: in tsaya daga nesa, in kwance igiyar kambas, in taka a hankali, in durƙusa, in gaida shi da kwana da gajiya da iyali da dabbobi, sannan in tafi a hankali har in ɓace masa. Ba lokacin da zan ɓata ne ya dame ni ba, ba kofi nake nema ba. Abin da ya dame ni shi ne in sake yin tafiyar nan, a wurin nan, a gaban mutumin nan, a ranar da aka taru don kada wata mace ta jira mota. Kwana shida ina juya abin ban gaya wa kowa ba.

Ranar tseren, ina ɗaura takalmi a ƙofar ɗaki, uwarku ta kawo mini kunu ta ajiye. Ba ta tafi ba. Shekara talatin ba ta taɓa tayar da maganar ranar nan ba, har na ɗauka ba ta san yadda aka yi ba.

Ta ce, "Malam, in ka zo ƙofar gidanmu..."

Na ɗaga kai.

"Innata ta leƙa ta katanga a ranar. Ta ga tafiyarka." Ta ɗauki murfin kwano ta juya. "Allah ya ba da sa'a."

A Kabo na tarar da filin cike da samari cikin gajerun wanduna, ga 'yan mata kaɗan da hijabinsu, ga ni da dogon wando da 'yar shara da lamba a ƙirji. Wani yaro ya tambaye ni ko ɗana na rako. Da aka busa usur suka zura kamar an saki awaki, na bar su. Na kama sassarfar maraƙina, ina tasbihi. Wanda ya bi shanu daga nan zuwa mashaya ya san ba a fara tafiya da ƙarfi. Kafin a ci rabin hanya na fara tsintar su ɗaya-ɗaya a gefen hanya, wannan ya riƙe ciki, wancan ya zauna a kunyar gona yana amai. Yaron da ya tambaye ni ko ɗana na rako, shi ma na wuce shi, na ce masa sannu. Mutanen ƙauyuka sun fito bakin hanya, in sun gan ni sai ihu ya tashi, "Ga Baba, ga Baba." An sare kara, fili fetal, kamar waccan shekarar.

Sai ga kukar nan. Na sha kwanarta daga wancan ɓangaren, hanya ta miƙe, can ƙarshenta ga ceɗiya. Ga teburin ruwa, ga Zulai da farar rigarta, ga 'yan'uwan uwarku maza sun jeru, ga Baffa a tsakiya a kan buzu. Ƙafata da kanta ta fara rage sauri, abin da ta saba ke nan shekara da shekaru. Na ji hannuna yana neman sauka wajen igiyar takalmi. Na ga mutane sun fara matsawa suna buɗe mini wurin durƙuso. A nan na yanke. Na ce a raina, Iro, an yabe ka sau ɗaya a kan hanyar nan, ya isa. Na ɗaga ƙafa. Ban yi sassarfa ba, gudu na yi na gaske, irin wanda ya kamata in yi ina da shekara ashirin da biyar. Na dunƙule hannu na jinjina masa ban tsaya ba, ban ko karɓi ruwan da Zulai ta miƙo ba. Ihun da ake yi ya ɗauke ɗif. Na ji wani ya ce, "Subhanallahi." Hawaye na zuba, gumi na zuba, ba mai iya bambancewa.

Na kai ƙarshe. Ban zo na ɗaya ba, ban zo na ƙarshe ba, kuma a kan ƙafata na shiga, ba a kan babur ba kamar yadda wasu ke ƙarawa. Wani dillalin shanu da ya yi alkawarin sadaka a kaina don yana ganin ba zan iya ba, sai da ya cika. An sayi adaidaita sahun, yana nan yana aiki har yau.

Amma kafin in dawo Kutama labari ya riga ni. Kawunku babba ya aiko wa uwarku cewa mijinta ya tozarta mahaifinsu a bainar jama'a. Shekara biyu ba ya amsa sallamata. A masallaci wasu dattawa suka daina matsa mini wuri a sahun gaba, aka daina kirana sasanta rigimar gona, wai wanda bai san girman suruki ba me zai gaya wa yara. Zulai ta yi kuka, tana ganin ita ta jawo. Wannan duk na biya, kuma ban ce bai yi mini ciwo ba.

Washegarin tseren, da la'asar, na hau babur na tafi. Tun daga kukar na sauka, na tuɓe takalmi na riƙe a hannu, na taka har gindin ceɗiya na durƙusa. Baffa ya sallami waɗanda ke wurin. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har dabbobi. Sannan na ce na zo neman gafara.

Ya ɗago kai. Shekara talatin da 'yan kai ina surukinsa, ranar ce ya fara duban tsakiyar idona.

Ya ce, "Ka tuna igiyar da nake tufka a ranar?"

Na ce na tuna.

"Ban san abin da nake tufkawa ba. Ina kallon bayanka ina cewa, ya Allah ka sa yaron nan ya ruga. Na san ni na tare ka. Da na tashi na shiga zaure da ka samu sarari. To, in na tashi za a ce Manu ya ruɗe a kan 'yar fari. Kai kana jin kunyata, ni ina jin kunyar mutane, ita tana ciki tana mutuwa."

Ya gyara zama a kan buzu, ya ci gaba.

"Jiya da na hango ka ka sha kwanar kuka, na ga ka rage sauri, gabana ya faɗi. Na ce kada dai ya sake tsayawa." Ya share ido da bakin rawani. "Ba gafarar da zan yi maka. Allah ya yi maka albarka. Amma kada ka gaya wa kowa ina raye, ba zan iya da bakin 'ya'yana ba. Ka ga har yanzu ban warke ba."

Na riƙe masa wannan har ya koma ga Allah. Ban ce ku yar da kunya ba, ado ce, kuma duk wanda ya zo gaishe ni a cikin mazajenku ina lura da inda ya tuɓe takalminsa. Amma Zulai, ke da ƙannenki mata, ku gaya musu, ku kuma maza ku ji da kunnenku: in irin waccan ranar ta zo, ko ni ne zaune a bakin ƙofa, kada wanda ya tsaya kwance igiyar takalmi.